Ƙarancin Jini da Cututtukan Jini na Gado: Abin da Bincike Ya Gano da Yadda Ya Shafi Hausawan Hijaz

Da wuya a sami gidan Bahaushe a Makka ko Jidda ko Madina da ba a taɓa ce wa wani daga cikin mutanensa jininsa ya yi ƙasa ba. Mai juna biyu takan ji haka a wurin awo, uwar yaron da ke yawan kasala takan ji haka a ɗakin likita, 'ya'yan dattijon da aka kwantar su ma haka ake gaya musu, kuma kusan dukkansu sukan koma gida da ƙwayoyin ƙarin jini iri ɗaya da shawarar a yawaita cin hanta da dabino. Sai dai ƙarancin jini alama ce kawai, kuma abubuwan da ke haddasa ta sun sha bamban da juna ƙwarai, har maganin da ke warkar da wani yana iya cutar da wani. Mu da iyaye da kakanni suka taso daga ƙasar Hausa suka zauna a Hijaz muna da dalili na musamman na gane wannan bambanci, domin mun zo da gadon jini irin na Afirka ta Yamma, mun zauna cikin jama'ar da ke da nata gadon daban, kuma 'ya'yanmu suna aure tsakaninsu da kuma cikin maƙwabta.

Abin da likita ke aunawa shi ne himoglobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini wanda yake ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar namiji baligi a matsayin mai ƙarancin jini idan awon himoglobin ɗinsa ya gaza 13, mace idan ya gaza 12, mai juna biyu kuma idan ya gaza 11, kuma ana ɗaga wannan ma'auni ga mazauna tuddai irin su Abha da Ɗa'if, inda iska ba ta da kauri kuma jiki kan ƙara yawan jini don ya wadatu. Ɓargo ne ke ƙera waɗannan ƙwayoyi, kowace takan rayu kimanin kwana 120 kafin saifa ta kawar da ita. Saboda haka jini kan yi ƙasa ta ɗaya daga hanyoyi uku: ko ɓargo ya rasa kayan aiki, ko jinin yana zuba ta wata kafa, ko kuma ƙwayoyin suna fashewa tun kwanansu bai cika ba. Wani babban ƙiyasi da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa a shekarar 2021 mutum biliyan 1.92 ne ke da ƙarancin jini, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya, kuma wajen kashi biyu cikin uku nasu rashin isasshen sinadarin ƙarfe ne sanadinsu.

Tunda shi ne ya fi yawa, da shi ya kamata a fara. Mace takan rasa ƙarfe ta jinin haila mai yawa da haihuwa kusa da kusa, yaro yakan rasa shi idan aka daɗe ana ba shi madara da shayi ba tare da nama ko ƙwai ko wake ba, wanda ya zo daga ƙauye kwanan nan kuma yana iya zuwa da tsutsar ciki ko tsargiya. Namiji baligi ko macen da ta daina haila idan aka same su da ƙarancin ƙarfe, ba a tsayawa ga ba su ƙwaya, wajibi ne a nemi inda jinin ke zuba, domin gyambon ciki da ciwon daji na hanji sukan fara bayyana ta wannan hanya. Tun a shekarun 1970 aka tabbatar da cewa shan shayi tare da abinci yana rage yawan ƙarfen da hanji ke tsotsa, lemo da sauran 'ya'yan itace masu tsami kuma suna ƙara shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, ganin cewa a gidajenmu na nan ba a ɗauke faranti sai butar shayi ta sauka, alhali jinkirta shi da sa'a guda ya isa ya rage ɓarnar.

Binciken da ya fi canza tunanin likitoci a wannan fanni shi ne gano wani sinadari da hanta ke fitarwa mai suna hefsidin, a farkon shekarun 2000. Aikinsa shi ne rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini. Idan mutum ya sha ƙwayar ƙarfe, hefsidin yakan tashi ya daɗe kusan yini da kwana a sama, don haka ƙwayar da aka sha da rana ko da dare bayan ta safe ba ta shiga jiki sosai, sai dai ta ƙara tashin zuciya da taurin bayan gida. Masu bincike a birnin Zurik na ƙasar Siwizalan sun nuna a 2015 da 2017 cewa shan ƙwaya sau ɗaya, rana ɗaya a sha rana ɗaya a huta, yana sa jiki ya tsotsi kaso mafi girma daga abin da aka sha. Shi dai hefsidin ɗin nan ne ke tashi idan akwai ciwo mai daɗewa a jiki, kamar tarin fuka ko ciwon ƙoda, shi ya sa irin waɗannan marasa lafiya jininsu ke ƙasa duk da cewa jikinsu na da ƙarfe a ajiye.

Inda ruɗani ke shigowa shi ne akwai wani gado da ke kama da ƙarancin ƙarfe a takardar gwaji, wato talasimiya, wadda likitan yara Thomas Cooley ya fara bayyana mai tsananinta a Amurka a 1925. Himoglobin an gina shi ne da sarƙoƙi iri biyu, alfa da beta, kuma mai talasimiya jikinsa ba ya ƙera ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata. Wanda ya gaji matsalar daga mahaifi ɗaya kawai lafiyarsa ƙalau, sai dai ƙwayoyin jininsa ƙanana ne kuma awonsa kan ɗan yi ƙasa har ƙarshen rayuwarsa. Irin wannan mutum, musamman mace, yakan shekara da shekaru yana shan maganin ƙarin jini ba tare da awon ya motsa ba, ana ɗora masa laifin rashin cin abinci, alhali jikin ɗan Adam ba shi da hanyar fitar da rarar ƙarfe, sai dai ya tara shi a hanta da zuciya. Gwaji biyu ne ke raba gardama: feritin, wanda ke nuna ƙarfen da ke ajiye, da kuma awon wani ɓangare na himoglobin da ake kira A2, wanda kan haura kashi 3.5 cikin 100 ga mai ɗauke da talasimiyar beta. Wanda ya gaje ta daga uwa da uba duka kuwa, ciwon kan bayyana tun yana ɗan watanni shida ko abin da ya yi kusa da haka, kuma zai rayu ne a kan ƙarin jini kusan kowane wata tare da maganin da ke zuƙe rarar ƙarfe daga jiki.

Akwai kuma ƙarancin wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD, kuma an ƙiyasta mutum miliyan 400 ne ke da shi a duniya. Ya fi kama maza, domin ɗa namiji daga uwarsa yake gadonsa. Mai shi ba ya jin komai sai ranar da ya haɗu da abin da ke fasa masa jini, sai idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, ƙarfinsa ya ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu. Sanannen abin da ke tayar da shi shi ne waken da ake kira ful, wanda yake karin kumallon kusan kowane gida a Hijaz tare da tamis, ko da yake nau'in da ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka ta Yamma bai kai na Larabawan gabashi da mutanen Bahar Rum saurin tashi da ful ba. Abin da ya fi zama haɗari a gidajenmu shi ne ƙwallayen kafur da ake sawa cikin kayan jarirai, da lallen da ake shafa wa jariri a jiki, da wasu magunguna irin su firimakwin na zazzaɓin cizon sauro. Jaririn da shawara ta kama a makon farko asibiti ake kai shi a auna, domin idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa taɓin da ba ya gyaruwa.

Sai babbar maganar, wato amosanin jini, da aka fi sani da sikila. Likita James Herrick ne ya fara rubuta labarinta a birnin Shikago a 1910, bayan an ga ƙwayoyin jini masu wata irin siffa a jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Girenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himoglobin ɗin kansa, a 1956 da 1957 kuma Vernon Ingram ya gano a Ingila cewa tubali ɗaya tak ne ya sauya, na shida a jerin sarƙar beta. Wannan ɗan sauyi yana sa himoglobin ya daskare ya yi tsinke-tsinke duk lokacin da ya sauke oksijin, sai ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, ta yi tauri, ta maƙale a ƙananan jijiyoyi. Daga nan ne ciwon ƙashi mai sa babban mutum kuka yake fitowa, haka kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, da ciwon ƙirji, da lalacewar saifa da ƙoda da ƙashin kwatangwalo, da shanyewar ɓarin jiki ga yara. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, don haka mai sikila kullum jininsa ƙasa yake, kuma ƙwayar ƙarin jini ta ƙarfe ba maganinsa ba ce sai an tabbatar yana da ƙarancinsa.

Dalilin da ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasarmu ta asali Anthony Allison ya bayyana shi a 1954 daga bincikensa a gabashin Afirka: wannan himoglobin da ya sauya ana kiransa S, lafiyayyen kuma A, kuma yaron da ya gaji S ɗaya kawai, wato AS, yana da kariya mai ƙarfi daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka irinsa sun fi tsira su girma su hayayyafa. An ga wannan ƙuru-ƙuru a ƙasar Hausa, a aikin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a Garki, cikin jihar Jigawa ta yau, a shekarun 1970. An sami kimanin jarirai 2 cikin 100 da aka haifa da SS, amma da aka duba waɗanda suka wuce ƙuruciya sai aka ga kusan babu su, domin yawancinsu sun rasu tun suna ƙanana, masu AS kuwa kasonsu ya ƙaru daga wajen 24 zuwa 29 cikin 100. Duk wanda ya taɓa jin kakarsa tana lissafa 'ya'yan da ta binne tun ba a yaye su ba, ya kamata ya sa wannan bincike a zuciyarsa. Har yau ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, kuma ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ciwon a kowace shekara, daga cikin kimanin 515,000 na duniya baki ɗaya. Zama a Makka, inda zazzaɓin cizon sauro ba ya damunmu, bai cire wannan gado daga jininmu ba, amfaninsa kawai ya cire ya bar mana nauyinsa.

A nan ne binciken da aka yi a Saudiyya yake buƙatar a karanta shi da natsuwa. A farkon shekarun 1970 likita Richard Perrine da abokan aikinsa a asibitin Aramco da ke Zahran suka ba da rahoton cewa masu sikila na yankin gabas, mutanen Ƙaɗif da Ahsa, ciwonsu yana da sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da na baƙaƙen Amurka. Dalilin shi ne jininsu yana riƙe kaso mai yawa na himoglobin ɗin jarirai, wanda ake kira F, shi kuma ba ya daskarewa, yana ma hana S daskarewa. Daga baya aka gano cewa S tana zuwa ne cikin zuriyoyi biyar da aka laƙaba wa sunayen wurare: Senegal, Benin, Kamaru, Bantu, da ta Larabawa da Indiya. Ta ƙarshen ita ce ta mutanen gabashin Saudiyya. Binciken Farfesa Muhsin al-Hazmi na Jami'ar Sarki Sa'ud da na waɗanda suka biyo bayansa ya nuna cewa a kudu maso yamma, wato Jizan da Asir da gaɓar Tihama, zuriyar Benin ce ta fi yawa, kuma ciwon a can yana fara nuna kansa da wuri, yana kuma zuwa da tsanani. Wannan zuriya ta Benin ita ce ta mamaye Najeriya, ita ce kuma mafi yawanmu muka zo da ita.

Abin da wannan ke nufi shi ne, maganar da wasu kan ji a bakin abokan aiki ko maƙwabta cewa sikilar Saudiyya mai sauƙi ce, ga wane yana da ita ya yi aure ya tsufa, ba tamu ba ce. Ko ga mutanen gabas ɗin ma, bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa sauƙin na ƙuruciya ne, domin F kan ragu idan aka girma, sai ciwon ƙashi da mutuwar kan ƙashin cinya da matsalar saifa su bayyana. Ɗan Bahaushen da aka haifa da SS a unguwannin Makka irin su Shara Mansur ko Misfala yanayin ciwonsa ya fi kusa da na ɗan'uwansa na Kano ko Damagaram fiye da na yaron Ƙaɗif, kuma da wannan ma'auni ya kamata iyayensa su auna haɗarin.

Lissafin gadon ba shi da wuya, amma ana yawan kuskure a kansa. Idan miji AS ne mata ma AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA. Kowane ciki lissafinsa daban ne, ba ya tuna wanda ya gabace shi, don haka akwai ma'auratan da suka haifi shida ba mai ciwo ko ɗaya, akwai kuma waɗanda uku na farko duk suka zo da shi. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar gado iri ɗaya, kuma bincike ya nuna fiye da rabin aurarrakin Saudiyya tsakanin dangi ake yin su, amma mu kada mu ɗauka auren bare ya kuɓutar da mu: inda mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da S, aure ɗaya cikin goma sha shida zai haɗa AS da AS ko da ma'auratan ba su haɗa kaka ba. Wani abin da ba a cika faɗa ba kuma shi ne, S ba sai ta haɗu da S take zama ciwo ba. Idan ta haɗu da C, wani nau'in himoglobin da ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, ko ta haɗu da talasimiyar beta, wadda ta fi yawa a tsakanin Larabawa da mutanen Indiya da Fakistan, yaron zai zo da ciwon sikila. A gari irin Makka, inda kowace ƙabila ta duniyar Musulmi ke da zuriya, wannan haɗuwa ba baƙuwa ba ce.

Saudiyya ta wajabta gwajin kafin aure a 2004 domin sikila da talasimiya, a 2008 kuma aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Tsarin bai hana kowa aure ba: ana yin fahas, wato gwajin, a kira waɗanda jininsu bai dace ba a yi musu bayani, sannan a ba su takarda su yanke wa kansu hukunci. A shekaru biyu na farko an gwada mutum 488,315, aka sami kashi 4.2 cikin 100 suna ɗauke da S, kashi 3.2 kuma suna ɗauke da talasimiyar beta. Da aka bi sawun waɗanda aka gaya wa akwai haɗari, sai aka tarar kusan 90 cikin 100 sun ɗaura aurensu. Nazari na biyu da ya duba shekaru shida, daga 2004 zuwa 2009, a kan mutum fiye da miliyan 1.5, ya nuna cewa masu fasa auren don ra'ayin kansu sun ƙaru daga kashi 9.2 zuwa 51.9 cikin 100. Wannan ci gaba ne na gaske, amma ya kuma nuna cewa ko bayan shekaru shida ana wayar da kai, kusan rabi sun ci gaba da shirinsu.

A ganina bai dace a kira waɗannan mutane jahilai ko masu taurin kai ba. Lokacin da ake yin gwajin ne ya makara. Ana zuwa fahas ne bayan manya sun gana, an tsayar da sadaki, an kama ɗakin biki, an sanar da dangi na Jidda da na gida, saura kwanaki a yi milka, wato ɗaurin aure. A irin wannan lokaci fasa aure yana nufin ɓata zumuncin gidaje biyu, kuma kowa ya san yarinyar ce za a riƙa nunawa da baki, a ce jininta ba shi da kyau, ko da yake ita da saurayin abu ɗaya suke ɗauke da shi kuma lafiyarsu ƙalau. Bahrain ta bi wata hanya tun ƙarshen shekarun 1990, inda take gwada ɗaliban sakandare ta ba kowa katinsa tun maganar aure ba ta taso ba, kuma yawan jariran da ake haifa da ciwon a can ya ragu sosai. Iyali ba sai sun jira hukuma ba kafin su yi haka. Uban da ya san jinin 'ya'yansa tun suna makaranta yana iya tambayar na mai neman aure a zaman farko, cikin sirri da mutunci, kafin zukata su shaƙu. Wannan ya fi zama dole a kanmu, domin auren da ake ɗaurawa a cikin gida tsakanin waliyyai da shaidu, ba tare da an bi ta hannun ma'azun, wato mai ɗaura aure na hukuma, ba, ba wanda ke tambayar takardar gwaji a kansa, kuma irin wannan aure ba ƙarami ba ne a tsakanin waɗanda takardunsu na zama ba su daidaita ba.

Waɗanda aka riga aka haifa da ciwon kuwa, bincike ya sauya musu rayuwa fiye da yadda iyaye da yawa suka sani. A 1986 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa ba wa ƙananan yara fenisilin kullum yana rage mummunan kamuwa da ƙwayar cutar nimoniya da kashi 84 cikin 100, wanda shi ne dalilin da ya sa ake son a gano ciwon tun ranar haihuwa. A 1998 aka tabbatar da cewa wani hoton sauti da ake ɗauka ta gefen kai yana nuna yaran da ke gab da shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kimanin kashi 90 cikin 100. Maganin haidiroksiyuriya, wanda aka nuna a 1995 cewa yana rage tashin ciwo da kusan rabi, aikinsa shi ne ƙara F a jini, wato yana ba mai sikila irin kariyar da mutanen Ƙaɗif suka samu ta gado. An gwada shi a kan yara wajen 600 a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, aka wallafa a 2019 cewa ya rage ciwo da ƙarin jini da mace-mace. A Kano ma, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun nuna cewa ana iya kare yara daga shanyewar ɓarin jiki da shi a inda ƙarin jini kowane wata ba zai yiwu ba. Yawancin iyaye sukan tsorata idan suka karanta cewa asalinsa maganin ciwon daji ne, sai su daina ba yaro ba tare da sun gaya wa likita ba, alhali shekaru kusan talatin na amfani da shi sun nuna cewa da awon jini a kai a kai amfaninsa ya rinjayi illarsa nesa ba kusa ba. Ga mazaunin Makka kuma akwai abin da ba ya buƙatar kuɗi: yawan shan ruwa a lokacin zafi, guje wa fita daga rana a faɗa sanyin na'ura kai tsaye, nisantar cunkoson lokacin Hajji da Umara da tsakar rana, da tuntuɓar likita kafin azumi, tunda shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame.

Warkewa gaba ɗaya tana yiwuwa ta dashen ɓargo, wanda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad da Jidda, kuma ya fi nasara ga yaro idan ɓargon ya fito daga ɗan'uwa shaƙiƙi da suka dace, abin da ke faruwa ga ɗaya cikin huɗu na 'yan'uwa. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Bahrain da Amurka suka amince da wani sabon magani mai suna Casgevy, a Janairun 2024 kuma hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta bi sahu. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon mara lafiya ne, a gyara wani wuri a ƙwayar halittarsu don su koma ƙera F, sannan a mayar masa bayan an ƙone tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi wanda ke iya hana haihuwa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, kuma ga mai iƙama, wato takardar zama, da ke dogara da inshorar wurin aiki, balle wanda ba shi da ita, wannan ƙofa tana da nisa. Shi ya sa nake ganin ƙoƙarin ƙungiyoyinmu da masu hannu da shuni a cikinmu ya fi amfani idan ya tafi ga gwajin jarirai da 'yan makaranta, da sayen fenisilin da haidiroksiyuriya ga gidajen da ba su da hali, da ba da gudummawar jini, musamman da yake jinin da ya fi dacewa da mai sikila ɗan asalin Afirka yakan fito ne daga mutanen da suka haɗa asali da shi.

Saura maganar auren da ake ƙullawa tsakanin nan da gida. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin kafin aure a 2024, kuma yanzu an saba a turo hoton takarda ta waya a ce wance AA ce. Ya kamata a tambayi irin gwajin da aka yi. Ƙaramin gwajin da ke duba ko jini yana lanƙwashewa ko yana gurɓata ruwan magani S kawai yake gani, ba ya bambanta AS da SS, ba ya ganin C, ba ya kuma ganin talasimiya. Wanda ake dogara da shi shi ne wanda ke rarrabe nau'o'in himoglobin ya ba da kason kowanne a rubuce, A da S da C da F da A2, tare da cikakken awon jini da ke nuna girman ƙwayoyi. Wanda aka ƙara wa jini a cikin watanni uku da suka wuce sakamakonsa ba abin dogaro ba ne, domin jinin wani ne ke yawo a jikinsa, sai ya jira a sake. Idan takardar da aka turo ba ta ɗauke da waɗannan lambobi, a sake gwajin a ɗakin awon da ke da na'urar kafin a sa ranar kai gaisuwa.